Matakalar Don Hipólito

"Har yanzu baƙi ƙirin?" in ji Don Hipólito daga kan gado.

Zoraida tana durƙushe ƙarƙashin teburin maƙwabcin nata, sukundireba a baki. Fanka na juyawa cikin akwatin kwamfutar, amma allon ko ƙyaftawa. Kayan duk 'yan gwanjo ne da ta tsinto a kasuwar tsakiyar Lima, mai shagon har da rantsuwa cewa za su ɗauki manhajar zanen gini. Tsoro ya kama ta sosai, don likita ya ce tsohon ya kusa.

Shi kuwa abu ɗaya ya hana shi sakat: saman rufin gidansa. A unguwar nan uba kan bar wa ɗa ƙasa, ya bar wa wani sama ya gina. Ƙasa ta ɗansa Wilmer ce, sama ta ƙanwarsa Nélida, amma ta ina za ta hau? Wilmer ya ce ta cikin falonsa, Nélida ta ce ba za ta ƙare rayuwarta tana neman izinin shiga gidanta ba. Tun bara ba sa ga-maciji. Don Hipólito tsohon magini ne, sai dai hannu ya ƙi riƙe fensir, ga bayani da baki ya gagara. Shi ya sa ya aika a kira Zoraida, wadda ta koyi zane a makarantar koyon sana'a amma ba ta da na'ura.

"'Yar nan, in mutuwa ta riga ki, ke za ki raba faɗan."

"Haba Don Hipólito, ka ce mata ta bi layi mana."

Ta sake leƙa bayan akwatin. Kash! Ashe wayar allon ta soka a ramin sama, ta bar katin hoton da ta sha wahalar nema yana zaman banza. Ta zare, ta mayar ramin ƙasa, na katin. Allon ya kawo haske. Ajiyar zuciyar da ta yi sai da Nélida ta jiyo daga kicin.

Nélida da Wilmer suka shigo, aka jingina tsohon da filo. Manhajar na tafiyar hawainiya, amma tana tafiya. Zoraida na jan layi, shi yana nuni da haɓa.

"Waje. Daga titi. Ki ci gefen tagar Wilmer kaɗan."

"Tagata, Baba?" Wilmer ya ɓata rai.

"Kai da ba ka buɗe ta sai za ka yi gulma?"

Nélida ta fashe da dariya, ta toshe baki. Zoraida ta juya hoton gidan a hankali, matakala ta fito a jikin bango, ta kai ga wata ƙofa a sama. Wilmer ya daɗe yana kallo.

"A sa mata ƙarfen dafawa," ya ce. "Yaranta ba sa jin magana."

Tsohon ya lumshe ido, ya ce a ba shi kunun quinoa. Ya shanye tas.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika, salin-alin. Zoraida ta yi kuka, amma zuciyarta wasai.

Washegarin jana'iza ta buɗe ƙofa za ta sayo burodi. Ga su can bakin titi cikin baƙaƙen kaya, Wilmer ya danne bakin igiyar awo da babban yatsa a jikin bango, Nélida tana ja da baya a hankali.