Kwamfuta ta Huɗu a Shagon Rosaline

Ba zan faɗi sunanta ba. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Haka mahaifina ya yi da ni a rugarmu ta bayan Doma, haka ni ma na yi da ita. Uwarta kuwa ta ma fi ni kunyarta. Mahaifiyata, Inna Zuwairatu, ita ta raine ta, ita ce kuma mai kai magana tsakaninmu. Inna ta rasu da damina, shekara ba ta zagayo ba yarinyar ta tafi Sudan karatun aikin jinya. Sai muka rasa ɗan aike.

Akwai waya, amma me za a ce a waya? "Ya karatu?" "Lafiya lau, Baffa." Shi ke nan, sai mu yi ta sauraron numfashin juna. A wasiƙa ne kawai bakinta yake buɗewa. Ta buɗe mini akwatin imel kafin ta tafi, don haka duk ranar Laraba nake hawa babur daga Azuba zuwa wani shagon intanet a Bukan Sidi, cikin garin Lafia.

Matsalar ido ce. Ni Hamman, da na yi shekara talatin ina malamin dabbobi, ina karanta rubutun jikin ƙaramar kwalbar allura ba tabarau, yanzu ciwon suga ya sa rubutun kwamfuta ya koma mini kamar an watsa gero a kan farin faranti. Dole sai Vincent, mai buga takardu a shagon, ya karanta mini. Vincent mutumin kirki ne, amma Allah ya ba shi murya ta mai kiran fasinja a tasha. Yana fara karatu duk shagon ke yin tsit, har masu cike fom ɗin jarabawa su saki linzamin kwamfuta su kasa kunne. Idan ya gama sai ya ce, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Baba, me za a ce masa?" Ni kuma ga idanu a kaina, sai in gyara hula in ce, "A ce mata mun gani."

Na ɗauka zai yi wa maganar ado, yadda Inna take yi. Ashe bawan Allah abin da na faɗa shi yake bugawa, ba ƙari ko ɗigo. Wata bakwai yarinya tana zuba mini zuciyarta, ana mayar mata da "Babanki ya ce ya gani." Wasiƙun suka fara gajarta. Daga shafi guda zuwa layi biyar, daga layi biyar zuwa gaisuwa. Sai Laraba uku a jere babu komai. Tsoro ya kama ni sosai, ga shi ba ni da wanda zan gaya wa.

A Laraba ta huɗu ce mai shagon, Rosaline, ta tare ni a bakin ƙofa. Mace ce 'yar duma-duma mai faɗa, wadda ko janareta ya mutu sai ta zage shi kafin ta taɓa shi.

"Baba, yau ba Vincent. Zo ka zauna a kwamfuta namba fo."

"Wa zai karanta mini?"

"Kai mana. No be your pikin? Yarinya ɗin naka ne, ba na Vincent ba."

Ta yi mini bayani, na fahimci rabi. Wai manhajar da ake shiga intanet da ita, burauza, tana da jama'arta a duniya, suna da dandalinsu, duk wata ana turo musu labarai: wane ya gyara kaza, an fito da sabon kaza, ga dabarar da za ka mayar da burauzar yadda kake so. Ita kaɗai ce a shagon take karanta wannan, sauran gogewa suke yi. A dandalin nan ta rubuta cewa tana da wani tsoho mai raunin ido a Lafia, me za ta yi masa? Mutum tara suka ba ta amsa. Wani ya ce ta ƙara girman rubutu ta hana shafuka rage shi. Wata mata, da ta ce ta yi wa kakarta haka, ta ce girma kaɗai ba ya isa, farin allo ne ke kashe ido, a mayar da shi baƙi, rubutun ya zama rawaya. Wani kuma ya nuna mata yadda za ta kashe hotuna da tallace-tallace, ta ajiye duk wannan da sunana, don kada ta riƙa sake shi kullum.

"Tsoho kika ce musu?" na tambaye ta.

"To yaro zan ce? Zauna, Baba."

Ta danna wani abu, allon ya yi baƙi ƙirin, sai ga baƙaƙe rawaya manya-manya, kowane kamar ƙwayar gyaɗa. Na ga "Baffa". Na gan shi da idona, ba wanda ya faɗa mini. Rosaline ta juya allon ya fuskanci bango, ta kori wani ɗalibi daga kujerar kusa da ni, ta koma teburinta ta shiga faɗa da firinta.

Na koma wasiƙun baya ɗaya bayan ɗaya. A nan na gane Vincent yana tsallake wasu wurare, kuma ban ga laifinsa ba, kunyata ya ji a gaban jama'a. Yarinyar ta rubuta cewa tana mafarkin Inna. Ta rubuta cewa ta faɗi jarabawa ɗaya. A ta ƙarshe ta ce tana tunanin tattara kayanta ta dawo, tunda dai babu wanda zamanta can ko dawowarta ya dama. Na cire tabarau na goge, na mayar, na sake karantawa.

Da yatsa ɗaya na rubuta amsa. Neman kowane harafi nake kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Awar da na biya ta ƙare, Rosaline ta ƙara mini ba ta ko ɗago kai ba. Na gaya wa yarinyar cewa ni ma na faɗi jarabawar malaman dabbobi sau biyu, abin da ko uwarta ba ta sani ba. Na gaya mata ranar da ta tafi ban raka ta tasha ba, amma ina tsaye bayan rumfar mai lemo har motar ta ɓace. Layi shida ne duka, suka ci mini daga azahar zuwa la'asar.

Da zan fita na ce wa Rosaline ta gode wa mutanen nan tara. Ban san ƙasarsu ba, ban san addininsu ba, amma har yau ina sa su a addu'a, su da ita. Ta ce za ta rubuta musu, sannan ta ce in daina dukan madannai kamar ina kafa turke.

Ban iya jiran Laraba ba. Ranar Asabar na koma, ta buɗe mini namba fo. Sai ga sabuwar wasiƙa ta cika allo har sai da na koyi gangarawa ƙasa.

"Baffa, na san kai ka rubuta da hannunka, don babu wanda zai yi kuskure da yawa haka. Na karanta har na haddace. Na kwance jakata. Ashe kana bayan rumfar mai lemo? Ni kuma har muka wuce Shabu ina leƙen taga ina neman ka."