Sai Mutane Sun Dawo

Ni dai tun tasowata ba na shiri da cunkoso. Ko kasuwa ce da sassafe nake zuwa, in yi abin da ya kai ni in fice kafin a fara taka wa mutum ƙafa. Shi ya sa da maigidana Malam Nu'uman ya ce mu kai Sahura filin wasan yara ran Sallah, na ce Allah shi kiyaye.

"Ran Sallah? Inda ake bin layi tun azahar har la'asar don a hau dokin roba sau ɗaya? Ga wari na zufa, ga 'yan yankan aljihu, ga yara suna ɓata kamar 'yan tsaki? Malam, ka rufa min asiri."

Ya ce, "Jummai, mutane ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba. Lilon da ba yara ai ƙarfe ne kawai."

Na ce ya riƙe karin maganarsa ya kai wa 'yan ajinsa. Malamin firamare ne, ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya mai da shi darasi.

Sahura 'yar ƙanena Yari ce, shekararta shida. Daminar bara 'yan bindiga suka faɗa ƙauyenmu suka kwashi mata, har da uwarta, kuma har yau ba amo ba labari. Ita yarinyar a ƙarƙashin rumbu aka same ta. Yari ya kawo min ita gidanmu a Ƙofar Sauri ya ce, "Yaya, ga amana," shi kuma ya kama acaɓa a cikin gari. Tana ci, tana barci, tana cewa "to" da "a'a", amma ban taɓa jin dariyarta ba. Wuni take zaune gefen keken ɗinkina tana tsintar ƙyallaye. Abin yana cin raina ƙwarai. Na ce yarinyar da ta ga abin da ta gani, ina ita ina turmutsutsu? A bari Sallah ta wuce, in kai ta ranar da ba kowa, ta hau abin da take so har ta gaji.

Haka aka yi. Ran wata Talata da hantsi, Malam ya tafi makaranta, na sa mata kayan Sallarta shuɗi da na ɗinka da hannuna, muka hau Keke Napep.

Wallahi da muka shiga sai da na ji daɗi a raina. Ko ƙuda babu. Ga babban lilon nan mai kama da tayar keke tsaye cak, ga dokunan roba a jere kan dandamalinsu, ga ɗan jirgin ƙasa, ga motocin karo, duk namu. Daga tsohon mai gadi a ƙofa sai wani Sagir mai kula da injina, wanda ya taso daga barci ƙarƙashin dalbejiya yana muttsuka ido.

"Hajiya, yau ai ba kasuwa. Ba wuta, kuma ba a tada janareta don mutum ɗaya."

Na ce, "Za a tada yau."

Muka tsaya ciniki. Sahura tana riƙe da gefen mayafina, sai na ji riƙon ya ƙara tsanani. Na duba na ga abin da take kallo. Takalma ne na yara a zube kusa da ɗakin tikiti, wari-wari, silifa da sandal, har da wani ɗan ja mai fure. Sagir ya ce na Sallah ne, haka ake barinsu kowace shekara, sun tara ko masu su za su zo nema.

A hankali ta ce, "Gwaggo, ina mutanen?"

Na ce, "Sun tafi. Yau ke kaɗai ce sarauniya."

Na juya wurin Sagir muka ci gaba, shi ya ja ni na ja. Da muka daidaita na miƙa hannu in kama nata, sai na kama iska.

Da farko ko a jikina. Na ce ta ruga wurin dokuna ne. Na kira, "Sahura!" Shiru. Na zagaya bayan ɗakin tikiti, na leƙa banɗaki, na duba cikin taragon jirgin ɗaya bayan ɗaya. Mai gadi ya rantse da Allah ko akuya ba ta fita ta ƙofarsa ba, katangar kuwa ta fi ƙarfin babba balle yaro. Na hau randar siminti da suke tara ruwa na leƙa. Ruwa ne kore, ba komai ciki. Filin da na yi ta yabo ɗazu ya koma min kamar maƙabarta, wani lilo yana ƙara ƙiii-ƙiii shi kaɗai cikin iska.

Sagir ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, ɓuya take miki. Bari in tada wuta in kunna dokuna da kiɗa. Ba yaron da ke jin kiɗan nan bai fito ba."

Na ce ya yi sauri. Ya nufi ɗakin janareta can ƙarshen fili, ni kuma na ciro waya na kira Yari. Ina jin hayaniyar titi ta bayansa. Na faɗa masa a gurguje.

Ya ce, "Yaya, wurin da mutane?"

"Ba kowa. Ai don haka na kawo ta."

"Innalillahi." Na ji ya kashe mashin. "Yaya, ki bar kiranta, ba ta amsawa. Mu can in ka ga wuri ya yi tsit, ga takalma zube, to gudu aka yi. Uwatta ce ta tura ta ƙarƙashin rumbu, ta ce ko wa ya kira kada ta amsa, ko da muryatta ce, don mutanen ga suna sa uwa ta kira ɗiyanta da bindiga a kai. Ran nan mun yi ta kira, muna wucewa ta gaban rumbun, tana jinmu ta ƙi hitowa. Aka kwana aka wuni. Sai da jama'a suka dawo, mata suka hau daka, yara suka hau kuka, sannan ta rarrafo, leɓenta duk ya tsage don ƙishirwa. Ki duba ƙarƙashin abu, Yaya. Ƙarƙashi take shiga."

Ƙarƙashi. Na ɗaga ido na kalli dandamalin dokunan. An kewaye gindinsa da kwano, ga wata 'yar kafa inda kwanon ya ɓalle. Na jirgin ma haka, na babban lilon ma haka. Kuma a can ciki injinan suke, da sarƙoƙi da haƙoran ƙarfen da ke juya komai.

Daidai lokacin janareta ya yi tari, ya kama.

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Mayafi ya faɗi, takalmi ɗaya ya fice, ina ihu kamar mahaukaciya, "Kashe! Sagir, kashe don girman Allah!" Ƙarar injin ta danne muryata. Ina hango shi ya fito daga ɗakin yana goge hannu, ya nufi akwatin makunni da ke jikin dokunan, ya buɗe murfin. Na iso na banke shi da dukan ƙarfina, muka zube tare a ƙasa.

"Haba Hajiya! Lafiya?"

"Tana ciki! Tana ƙarƙashi!"

Mutumin nan ya kalli hannunsa, ya kalli makunnin, sai zufa ta keto masa. Ya ruga ya kashe janareta. Shirun ya dawo, ya fi na ɗazu nauyi.

Muka kwanta rub da ciki muna haska fitilar waya ta kowace kafa. Duhu ne da baƙin mai da ƙarafa, ba ka ganin ƙarshe. Kafofin ko kaina ba ya shiga. Sagir ya ce in za a ɓalle kwanon sai an kira mai walda, kuma ba mu san ma wanne za a fara ba. Mai gadi ya ƙara da cewa, Allah ya sa ba ta tarar da kunama ba, don suna da yawa a ciki. Na ce, "Baba, in ba ka da alheri a baki ka yi min shiru." Na dafa kwanon, ya ƙona min tafin hannu. Rana ta fara take tsaka, kuma yarinyar nan ta taɓa yin kwana da wuni ba ruwa ba tare da ta yi tari ba. Na san za ta iya mutuwa a can ciki tana jin muryata.

Na zauna a ƙasa na kira Malam. Makarantarsu ba nisa, bayan titin ne kaɗan. Na shirya jin "ai na faɗa miki", amma bai ce ba. Ya saurara har na gama, ya ce, "Jummai, kada a kunna komai. Ga mu nan."

Kafin su iso sai ga Yari a kan mashin. Mai gadi na shirin buɗe masa, Yari ya ce a'a, ya kashe shi tun daga titi ya turo da hannu. Ƙarar mashin ita ce abin da Sahura ta fara ji ran da aka shiga ƙauyen.

Can sai ga Malam da aji biyu da malamai mata, yara a layi cikin fari da kore. Ya roƙi hedimasta, ya ce in laifi ne a ɗora a kansa. Sai dai an riga an gaya wa yaran wata yarinya ce ta ɓata, don haka suka shigo sumumu kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Malam ya ce, "Ku yi wasa!" Suka kalle shi. Wasu 'yan mata suka fara tafi a sanyaye suka daina. Na ji kamar in shaƙe su ɗaya bayan ɗaya. Yaran da in ka ce su yi shiru sai sun tada gari, yau an ce su yi ihu sun zama waliyyai!

Wani ɗan ƙiba ne ya cece mu, Allah ya yi masa albarka. Ya saci jiki ya haye lilon igiya, wani ya ce shi ya fara gani, ya finciko shi. Ɗan ƙiban ya faɗi ya tsala kuka. Wata malama ta hau faɗa. Kafin ka ce kwabo an yi wa lilon ca, wasu sun hau zamiya, maza sun kama langa, mata sun ja da'ira suna gaɗa. Masu tallan gyaɗa da awara da ke bakin makaranta, da suka ga kasuwarsu ta taso, suka biyo ta, mai gadi ya hana ya gaji ya bari. Wata mai awara goye da jariri, jaririn yana ta canyara kuka. Ƙura ta tashi. Aka taka min ƙafa har sau biyu, ban ce komai ba.

Ni da Yari da Sagir muka raba kafofin, kowa ya tsare ɗaya daga nesa. Yari ya ce kada wanda ya matsa, kada wanda ya kira suna. Na tsaya ina kallon 'yar kafar nan ta gindin dokuna, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Zufa tana shiga idona ban goge ba. Aka daɗe. Har na fara cewa a raina a kira mai waldan kawai, ko me zai faru ya faru.

Sai ga hannu. Ɗan hannu baƙi ƙirin da man inji, ya dafa ƙasa. Sai kai, sai shuɗin kayan Sallah. Daga ƙarƙashin dokunan ta fito, nan dai inda Sagir ya buɗe akwatin makunni. Na ji Sagir ɗin ya ce "La'ilaha illallahu" ya zauna daɓas.

Na buɗe hannu zan rungume ta, ta wuce ni. Ta wuce ubanta ma. Ta kutsa cikin jama'a tana ɗaga kai, ta tsaya gaban wata malama ta kalli fuskarta, ta matsa gaban ɗayar. Ta je wurin mai awara ta ja mata hijabi har matar ta waiwayo. Haka ta bi matan da ke filin nan kaf. Tun da ta zo gidana ban taɓa ganin haske a fuskarta irin na lokacin ba, har wani ɗan murmushi take yi.

Da ta gama ta dawo wurina, ta kama gefen zanina.

"Gwaggo, mutane sun dawo."

Na durƙusa na ce, "Sun dawo, 'yar nan. Sha ruwa."

Ta kawar da robar. "To ina Inna? Ta ce in mutane sun dawo tana cikinsu."

Yari ya juya baya ya rufe fuska da hularsa. Ni mai baki, wadda ba a taɓa kayar da ni a magana ba, sai hawaye. Na yi kuka a gaban yaran makaranta har suka daina wasa suna kallona.

Da Babbar Sallah ta zo, da kanta ta ce a kai ta. Muka je ranar da aka fi cika, ana ture mu ana taka mu. Malam ya sayo mata tikitin dokuna, ta riƙe shi a hannu har ya jiƙe da gumi, ba ta hau ba. A bakin ƙofa ta tsaya, kusa da mai gadi, tana duba fuskar duk macen da ta shigo. Ni kuma na tsaya a bayanta na riƙe mata ruwa har aka tashi.