Sel ɗin da Ke Cikin Albasa

Shekara tara Abdurrahim ya yi a cibiyar bincike yana kiwon ƙudan tsando, yana leƙen jinin shanu a madubin likita. Ranar da ya ajiye aikin, a 1976, ya ce shi koyarwa zai yi, abokan aikinsa suka yi masa kallon wanda ya zautu. Matarsa Hafsatu kuwa cewa ta yi, "To, Allah ya sa yaran su fi ƙudajen jin magana."

Ba su fi ba. Mako uku yana shiga aji ɗaya na wata sakandare a Badarawa, yana zuba Turancin da ya saba yi wa Turawan cibiya, yara arba'in suna kallonsa kamar rediyon da ya kama tashar wata ƙasa. Shugaban makarantar ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: gwaji ne na zango ɗaya, in abin bai yiwu ba kowa ya kama gabansa. Tsoro ya kama Abdurrahim sosai, don ya san an riga an ba wani kujerarsa ta da.

Sai ya yanke shawarar saukowa ƙasa. Ran Talata ya juya harshe zuwa Hausa, ya ce, "Gobe kowa ya zo da albasa ɗaya. Zan kai ku in nuna muku sel." Shi dai ƙananan ɗakunan da ke gina jikin kowane mai rai yake nufi. Bai tuna cewa a Kaduna sel guda ɗaya aka sani ba, wanda ke bayan kanta a caji ofis.

Ran Laraba yara goma sha ɗaya suka zo. Bayansu sai ga shugaban makaranta, fuska a murtuke, tare da wani ƙaton direban tifa, mutumin Gusau, yana riƙe da hannun 'yarsa Rakiya.

"Kai ne malamin?" in ji direban, Malam Tijjani. "Mi ɗiyata ta yi maka za ka kai ta sel? Har da guzurin albasa! Ni na kwana wurin nan kan lasin, na san shi."

 Abdurrahim ya buɗe baki zai yi bayani, ya ji Turanci ne ke shirin fitowa, ya rufe. Sai kawai ya karɓi albasar Rakiya, ya ɓare siririn tantaninta, ya ɗiga masa ruwan aidin, ya sa a ƙarƙashin madubin.

"Baba, don Allah rufe ido ɗaya ka leƙa."

Malam Tijjani ya sunkuya yana huci. Ya daɗe a sunkuye. Can ya ce, "La'ilaha illallahu! Wallahi sel ne. Ga su nan jere, bango na bin bango. Kai, har da mutum guda zaune cikin kowane!"

Dariyar da yaran suka kwashe da ita har ajin da ke maƙwabtaka. Kafin a ce me, sun yi layi suna turereniya, Rakiya a gaba tana cewa albasarta ce.  Abdurrahim ya shiga bayani a kan ɗan ɗigon nan da ke zaune a kowane ɗaki, cewa shi ne maigidan, ba fursuna ba, kuma a jikin kowannensu akwai irinsu ba iyaka. Kalmomin suna zuwa da kansu.

Shugaban makarantar ma ya leƙa, ya gyara tabarau ya sake leƙawa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Malam, saura ashirin da takwas. Ka san yadda za ka gaya musu su dawo."

"Wannan bar mani shi," in ji Malam Tijjani. "Ni na bi gida-gida na hana su zuwa."