An Karɓa, Kawu

Teburin Akawu yana bakin ƙofa, tsakanin matakala da wani tsohon firji mai gurnani. Duk wanda ya shigo hukumar kula da ruwan sha, da shi yake fara cin karo. Shi ke ɗaga waya, shi ke buga takardu, shi ke nuna wa baƙo benci ya ce Darakta yana taro. Hukumar ba ta ba kowa ruwa. Nata shi ne ta sa ido a kan masu bayarwa. Wannan bayanin Akawu ya yi shi har bakinsa ya gaji, amma mutane ba su daina zuwa da kwalabe ba.

Kwalbar lemo, kwalbar maganin tari, robar man gashi da aka ɗauraye. Mutum zai dire ta a teburi ya ce a duba masa, ruwan unguwarsu ya canja ɗanɗano.

Ofishin yana da al'adarsa: ba a mayar da mutum da kwalbarsa. Wanda ya riga Akawu zama a kujerar ne ya koya masa. Kada ka ce ruwa yana da kyau, kada ka ce ba shi da kyau, kada ka yi alkawari. Ka sa hannu biyu ka amsa, ka ce, “An karɓa.” Mutum sai ya tafi da sanyin zuciya. Kwalbar kuma ta hau kanta a bayan ƙofa, ƙarshen mako mai shara ta juye su duka a gindin furanni. Ba mugunta ba ce. Ruwan da ma'aikacin hukuma bai ɗebo da hannunsa a kwalbar hukuma ba, ba ya shiga ɗakin awo.

Ranar da Kawu ya zo, babban bututu ya fashe a wani gefen gari, waya sai kuka take. Kawu yayan mahaifiyarsa ne, tsohon tela, shi ya riƙe Akawu da yayarsa tun suna ƙanana. Ya shigo da rigarsa ta fita unguwa, da kwalba a naɗe cikin hankici kamar mai ɗauke da ƙwai.

“Auta, ga ruwan rijiyarmu. Mun kai ga ruwa jiya. Na ce kafin kowa ya kai baki, sai hukuma ta gani.”

Akawu yana da waya a kunne, wata mata tana zazzaga masa masifa. Ya maƙale wayar da kafaɗa, ya sa hannu biyu, bakinsa ya faɗi abin da ya saba.

“An karɓa, Kawu.”

“An karɓa?”

“An karɓa.”

Fuskar tsohon ta washe. Ya sa masa albarka, ya gai da mai gadi sau biyu, ya fita yana gyara hula. Akawu ya yi niyyar ya kira shi da yamma ya yi masa bayani. Yamma ta yi, aiki bai ƙare ba.

Bayan 'yan kwanaki Yaya ta kira shi. Tun da mijinta ya tafi aiki nesa ta koma gidan Kawu da jaririnta.

“Auta, ka ga abin da ka jawo mana? Gida ya zama kasuwa. Tun safe mata ke layi da bokiti har bakin titi.”

“Layin me?”

“Na ruwa mana. Kawu ya buɗe ƙofar baya, ya ce kowa ya ɗiba. Ya ce hukuma ta karɓi ruwansa, ɗansa ne ma ya faɗa masa baki da baki. Ni ma na huta. Da shi nake haɗa wa yaron nan madara.”

Akawu ya juya ya dubi kantar bayan ƙofa. Kwalbar tana nan, an ture ta can baya, ko murfinta ba a taɓa ba.

Ya san inda aka haƙa rijiyar. Bayan katangar akwai garejin masu gyaran batir, can ƙasa kuma kwatar gidan haya ce ke bin gindin bango. Suna yara ko ciyawa ba ta fitowa a wurin. Amma bai san ruwan yana da illa ba. Bai kuma san ba shi da ita ba. Abin da ya sani kawai, babu wanda ya auna, kuma da bakinsa aka buɗe ƙofar.

“Yaya, ki riƙa tafasawa.”

“Ina tafasawa in da gawayi. Me ya faru?”

“Zan zo.”

Ya ɗauki kwalbar ya hau bene. Mai Awo tana zaune a ɗakinta mai warin sinadari, ta cire takalmi, tana tsince zare a farar rigarta ta aiki. Mace ce mai kirki, tana kiransa ƙaninta.

“Anti, ki taimaka ki auna min wannan.” Ya faɗa mata inda aka haƙa rijiyar.

Ta ɗaga kwalbar ta haska ta a taga, ta shinshina murfin.

“Ƙanina, wannan lemo zan auna maka ko ruwa? Ta kwana nawa a kanta?”

“Ta ɗan jima.”

“To ko ka ɗebo shi daga sama ne, yanzu ya zama wani abu daban. In na ce maka lafiya, na yi ƙarya. In na ce ba lafiya, na yi ƙarya. Kuma abin da kake tsoro, gubar batir ɗin nan, maganin gwada shi ya ƙare tun kafin ka yi aski na baya.”

“Tafasawa fa?”

“Tana kashe na kwata. Na batir ba ruwansa da wuta.” Ta miƙa masa kwalbar, ta sassauta murya. “Akwai ƙaramin yaro a gidan?”

“Akwai.”

Ta mayar da ƙafarta cikin takalmi, ta sake cirewa.

Mataimakin Darakta ya saurare shi yana duba waya. Ya ce rijiyar gida ba hurumin hukuma ba ce, su ruwan jama'a suke dubawa. Akawu ya ce ai jama'a ke sha, layi har titi. Mataimaki ya ce to sai mai rijiyar ya yi mata rajista ta zama ta jama'a. Akawu ya ce shi ke buga takardar rajistar, ya san ba a bayarwa sai da sakamakon awo.

“Haka ne.”

“Kuma ba a awo sai ga mai rajista.”

“Haka ne. Ka ga ka san aikin.”

Akawu ya tsaya. Maganar da ta rage, nauyi gare ta.

“In na kai ƙara cewa ana rabon ruwa ba izini, za a je a rufe?”

Mataimaki ya ɗago ya dube shi a karon farko.

“Kawunka za ka kai ƙara?”

“Za a je?”

“In Darakta ya dawo ya sa hannu. In kuma akwai mota.”

Motar tana ƙarƙashin bishiya a kan duwatsu, ƙafa ɗaya babu. Direba yana kwance a kujerar baya, ƙafafunsa a waje.

“Akawu sarkin an karɓa! Yau kai ma karɓar ka zo a yi maka?” Ya yi dariya har da tari. “Tayar ta tafi faci, mai facin ya tafi biki. Ni da motar nan duk mun yi ritaya, ba a dai sanar da mu ba. Me ya same ka kake wani cin magani?”

Akawu ya juya. Ya koma teburinsa, ya tarar da wani dattijo yana jiransa da robar ruwa a hannu. Ya dubi robar, ya dubi dattijon. Ya buɗe baki, ya rasa abin da zai sa a madadin kalmar. Dattijon da kansa ya dire robar ya ce, “An karɓa ko?” ya juya ya tafi.

Da aka tashi aiki ya nufi gidan Kawu. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Tun daga kan kwana ya fara ganin bokitai da jarkoki a jere, mata suna hira, ƙasa ta jiƙe ta zama taɓo. Famfon unguwar ya daɗe da bushewa, har an ɗaure akuya a jikinsa. Kawu yana zaune a kujerar roba kusa da rijiyar, yana tsawatar wa masu tsallake layi, fuskarsa kamar ta ango.

“Ga shi nan! Ga ɗan nawa na hukuma! Ku matsa masa.”

Mata suka hau gaishe shi, wata tana cewa Allah ya ƙara girma, wata tana cewa a samo masa mata a layin nan tun da ya shayar da unguwa. Yaya tana bakin ƙofar ɗaki da jaririn a cinya, tana girgiza kwalbar madara. Ya durƙusa kusa da ita.

“Faɗa min gaskiya,” ta ce a hankali. “Ruwan nan lafiya ko ba lafiya?”

“Ban sani ba.”

“Wa ya sani?”

“Babu.”

Hannunta ya tsaya da girgizawa.

Kawu ya taso da kansa, ya ɗebo ruwa a sabon kofi, ya miƙo masa a gaban kowa. Ruwan garau, har ana ganin gindin kofin.

“Sha ka ji, Auta. Sanyi kamar daga randa.”

Akawu ya miƙe ya amshi kofin da hannu biyu.

“Kawu, ba a auna ruwan nan ba.”

“Kai, ban son wasa. Na kawo maka ko ban kawo ba?”

“Ka kawo.”

“Ka ce an karɓa ko ba ka ce ba?”

“Na ce. Kwalbar aka karɓa, Kawu. Ba ruwan ba.”

“To kwalbar fanko na kawo maka?”

Layi ya fashe da dariya. Kawu ma ya yi, amma idonsa bai yi ba. Ya matso har Akawu yana jin numfashinsa.

“Kada ka kunyata ni a gaban mutane. Ni na sha, yayarka ta sha, ga mu tsaye. Ka kurɓa ko kaɗan ne, maganar ta wuce.”

Akawu ya san Yaya tana kallon hannunsa. In ya kai kofin baki, za ta kai wa yaron madarar. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sunkuya ya ajiye kofin a bakin rijiyar, cike yadda aka ba shi.

Kawu ya dube shi, ya dubi kofin. Ya juya ya shige ɗakinsa, ya saki labule.

Sai matar da ke gaba a layi ta gyara goyonta ta ce, “To Malam, in ba wannan ba, wanne za mu sha? Ka nuna mana.” Sannan ta zura guga. Ta bayanta ta matso da bokiti.

Yaya ta kwance murfin kwalbar, ta tsiyaye madarar a ƙasa. Jaririn ya ga abincinsa yana tafiya, ya tsala kuka. Ta ɗora shi a kafaɗa tana jijjigawa, idonta a kan ƙaninta.

“Na zubar. Yanzu me zan ba shi, Auta?”

Ya sa hannu zai karɓi yaron, yaron ya ƙi shi, ya ƙara ƙanƙame wuyan uwarsa. Akawu ya zauna a dokin ƙofar kusa da ita. A bayansu guga tana sauka, tana hawa.