Kwalin da Noboru Bai Taɓa Buɗewa Ba

Wata goma sha ɗaya ban ga bangon falona ba. Ƙanena Noboru ne ya shigo da jarumin roba guda dubu shida daga Osaka, kuma da yake ɗakinsa ko kyanwa ba ta da wurin juyawa, sai gidana na Gardena ya zama sito. Katan ya cika gareji, ya hau falo, ya bi lungu har ƙofar banɗaki. Mijina Walter ya koma ajiye mota a bakin titi, ya kuma koyi tafiya a karkace.

Sunan jarumin Raigoro. Tsawonsa bai wuce kwalbar lemo ba, ga ƙaho biyu na zinariya da jan ƙirji. Idan ka kira shi 'yar tsana a gaban Noboru, ranar ba zai ci abincinka ba. Ƙananan shagunan masu tara irin waɗannan kaya sun ɗauki ɗari biyu da 'yan kai, suka ce sun ƙoshi. Ba mu da mafita sai babban kanti, irin wanda uwa za ta shiga sayen omo ta fito da abin wasa. Noboru ya yi wata takwas yana buga waya kafin wata Madam Pruitt, mai zaɓen kayan wasa ga wasu kantuna masu rassa ɗari uku, ta ba mu minti ashirin ranar Talata. A wasiƙarta ta ƙara layi ɗaya: su a ƙugiya suke rataye kaya, don haka kowane kwali sai an huda shi daga sama.

Noboru ya karanta layin sau uku, ya ajiye takardar kamar ta ƙona shi. Dole a san irin mutanensa. Ƙatti ne masu furfura da ke sayen abin wasa don kada a yi wasa da shi. Ba sa buɗe kwali, ba sa barin rana ta taɓa shi, kuma idan kusurwa ɗaya ta lotse sai a yi ta jajanta wa juna. A wurinsu kwalin da aka huda ya mutu.

"Yaya Fumiko, ba zan huda ba," in ji shi.

Na ce masa to ya zaɓa, ko ya huda kwali ko ni in huda shi. Bai yi dariya ba. Ya ce matar ba ta fahimta ba ne, amma yana da abin da zai fahimtar da ita. Zai tafi da kwalin Kaka.



Shekara arba'in da biyu da suka wuce, kakarmu ta aiko masa da Raigoro na asali daga Hiroshima, tun kafin kamfanin ya sake fitar da shi. Yana da shekara tara, ni sha biyu. Ni kuwa safa ta aiko mini. Tun a lokacin yaron nan ba shi da lafiyar kai: ya ɗora kwalin a kan kabad, ya ce ba zai buɗe ba, ya tafi zangon hutu na 'yan makaranta. Ni na buɗe. Na yi wata biyu cur ina wasa da Raigoro a bayan gida, har ranar da na tafi da shi bakin teku igiyar ruwa ta ƙwace shi daga hannuna. Na dawo gida ina kuka, na naɗe sandar sabulun wanki a jarida, na cusa a kwalin, na manne da salatif. Kwalayen wancan zamani ba su da tagar roba, zane ne kawai a jiki. Shekara arba'in da biyu ƙanena yana goge wa sabulu ƙura duk ranar Lahadi.

Na yi iya ƙoƙarina in hana shi. Na ce zafin mota zai ɓata kwalin, ya ce ya sayi jakar sanyi. Na ce ɓarayi, ya ce zai rungume shi. Da Talata ta zo na bi shi, wai don in taya shi ɗaukar kaya.

Madam Pruitt gajeriyar mace ce mai tabarau a rataye a wuya, ofishinta cike da kayan wasan da aka kakkarya. Ta duba agogo kafin ta dube mu. Noboru ya jera sababbin kwalaye uku a teburinta, sannan ya sa farar safar hannu, ya fito da kwalin Kaka da hannu biyu ya ajiye a tsakiya. Ya fara bayani a kan yadda mai zanen ya zauna ya fitar da walƙiyar da ke bayan jarumin, da yadda kwalin shi ne rabin abin. Ni ina kallon silin.

"Rabin abin ke nan," in ji Madam Pruitt. "To bari mu ga ɗaya rabin."

Aikinta ke nan, kwali ɗari take farkewa a rana. Kafin Noboru ya rufe baki ta jawo na tsakiyar, ta zura wuƙar buɗe wasiƙa, ta zazzage. Dunƙulen jarida ya faɗo, ya warware da kansa, sandar sabulu ta mirgina ta tsaya a gindin kofin kofinta. Ya bushe ya tsattsage, amma har yanzu da ɗan ƙamshinsa.

Ta ɗauka ta sansana. Ta ce, "Malam Hamasaki, sashen sabulu yana hawa na biyu."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a tsaye irin haka ba. Noboru bai dubi sabulun sosai ba, jaridar ya duba. Shafin wasan cike gurbi ne, an cike rabinsa da jan biro, da rubutun da ya sani tun yana koyon karatu. Ya juyo ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage in shige, kuma abin haushi, dariya tana cina.

Madam Pruitt ta sake duba agogo, ta ce saura minti tara, kuma har yanzu ba ta ga abin da muke sayarwa ba. Na ɗauka Noboru zai tattara ya fita. Sai ya cire safar hannun, ya jawo ɗaya daga cikin sababbin, ya sa farce ya yanke salatif. Mutumin da ya sayar da abin nan ga ɗaruruwan mutane, ya san ranar da aka ƙera shi da sunan garin da masana'antar take, bai taɓa riƙe shi a tafin hannunsa ba. Ya tsayar da shi a tebur, ya faɗi. Ya sake tsayar da shi, ya sake faɗuwa. Ya ɗauki takobin jarumin yana neman inda ake sa shi.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Kawo nan, kai ba ka iya ba."

Hannuna bai manta ba. Na buɗe ƙafafun kaɗan, na karkata ƙugun, ya tsaya ƙyam. Na murɗa ƙahon hagu, ƙirjin ya buɗe. Sannan na juya shi, na danna ɗan maɓallin da ke ɓoye a ƙarƙashin kafaɗa. Dunƙulen hannun Raigoro ya tashi ya tsallake teburin, ya faɗa cikin kofi tsulum.

Madam Pruitt ta goge tabarau. Ta tsamo hannun da cokali, ta mayar da shi da kanta, ta saita kwandon shara ta harba. Ta ƙara harbawa. Minti taran nan suka zama arba'in, har sakatariyarta ta leƙo sau biyu. A ƙarshe ta ce za ta gwada a rassa sittin kafin Kirsimeti, guda dubu huɗu, idan sun tafi ta kwashe sauran. Ta ce a sa ɗaya a buɗe a kowane reshe don mutane su danna. Amma maganar huda tana nan.

Noboru ya naɗe sabulunsa a jaridar, ya mayar cikin kwalin, muka fito.

A kan babbar hanya ina ta shirya ban haƙuri iri-iri a raina, babu wanda ya yi mini daidai. Da muka iso gida ya zauna a kan katan, tunda kujerun suna ƙarƙashin wasu katan ɗin. Walter ya leƙo a karkace, ya ga fuskokinmu, ya koma.

"Wata nawa kika yi da shi?" in ji Noboru.

Na ce biyu.

"Da daɗi?"

Na yi niyyar in yi ƙarya, sai na ga ba ta da amfani yanzu. Na ce ban taɓa yin hutu mai daɗin wannan ba. Na gaya masa yadda Raigoro ya ci tururuwan bayan gida da yaƙi, da yadda ya kwana a ƙarƙashin matashina, da yadda na bi shi cikin ruwa har wuya. Yana saurare yana juya tsohon kwalin a hannunsa, idonsa ya yi ja. Tausayinsa ya kama ni fiye da kunyar kaina, don ni na yi wata biyu, shi ko minti ɗaya bai samu ba.

Ya tashi ya buɗe aljihun teburin Walter, ya lalubo abin huda takarda. Ya saita shi a saman kwalin Kaka, daidai tsakiyar walƙiyar, ya danna. Ɗan guntun takarda ya faɗo a kan takalminsa.

"Saura dubu huɗu," ya ce. "Ke za ki yi rabi. Kuma wanda muka buɗe nawa ne, kada ki taɓa."