Tsuntsun Auta

Ni ke kula da sabar imel a kamfanin buga takardu na Kawuna, wato kwamfutar da duk wasiƙun ma'aikata da na kwastomomi ke sauka a cikinta. Tana wani ɗan ɗaki bayan injin yankan takarda, ita da fanka mai ƙara da kwalayen tawada. Aiki ne mai daɗi, in da mutane za su daina kirana don kawai firinta ta cinye takarda.

Ran nan da safe masu manhajar imel ɗinmu suka fitar da sanarwa cewa an gano ɓaraka. Mutum zai iya ɓoye 'yan layukan umarni a cikin saƙo, kana buɗe shi a burauza, wato manhajar shiga intanet, sai ta ɗauka daga gida umarnin ya fito, ta bi. Daga nan a kwashe maka wasiƙu, a yi ta aika saƙo da sunanka, kai kana zaune kana kurɓar shayi. Sun turo faci, wato gyaran da zai toshe ɓarakar, suka ce a saka ba tare da ɓata lokaci ba.

Ina gama karantawa, nan take na tuna da tsuntsu.

Auta, 'yar Kawu ta ƙarshe, tana karatun kwamfuta a wata ƙasa mai nisa. Kullum da safe in Kawu ya buɗe saƙonta, wani ɗan tsuntsu shuɗi yakan fito daga cikin rubutun, ya zagaye allon kaf, ya sauka a kan sunan Kawu. Dattijo da farin gemunsa, amma sai ya ƙwala wa akanta da direba kira su zo su gani. Tun rasuwar matarsa ban ga abin da ke sa shi dariya kamar tsuntsun nan ba. A ranar na gane cewa ta wannan ɓarakar yake shigowa.

Na same shi a ofis yana duba kalar wani fosta.

"Kawu, akwai kafa a manhajarmu, dole in toshe ta yau. Sai dai ta nan tsuntsun Auta yake bi."

"To ki bar masa 'yar hanya mana, Injiniya. Ɗan mitsitsi ne fa."

"Hanyar da ya bi ita ɓarawo zai bi, Kawu. Kwamfuta ba ta gane fuska."

"Ki bari sai ta dawo hutu."

"Takardun mutane ne a ciki, amana suka ba ka."

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Wallahi ya ba ni tausayi. Can ya ce, "Je ki yi aikinki."

Na kwafe komai na adana, na saka facin, na kashe sabar na sake kunnawa. Na aika wa kaina saƙon gwaji mai ɓoyayyen umarni, ko gezau bai yi ba. Na buɗe saƙon Auta na jiya, rubutu ne kawai a zaune. Raina ya ɓaci, na ɗauki waya na kira ta.

"Ke, marar kunya, kin san ta ɓaraka kike shigo mana da tsuntsunki?"

Ta sheƙe da dariya. "Yaya, wa kike zaton ya kai wa masu manhajar rahoto? Sun roƙe ni in kama bakina har su gama faci. Na ce kafin nan bari Baba ya ɗan mora."

"Zan ci ƙaniyarki in kin dawo. Yanzu me zan ce wa tsoho?"

"Ki bar ni da shi."

Washegari na laɓe a ƙofar ofis lokacin da ya buɗe saƙonta. Hoto ne ta zana da hannu, ba ya motsi: Kawu da tabaransa, tsuntsun a zaune a kafaɗarsa. A ƙasa ta rubuta, "Baba, ya gaji da yawo. Ya ce a nan zai zauna."

Kawu ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira akanta da direba, ya sa aka buga hoton a takarda mafi kyau da muke da ita, aka manna a bango kusa da kalanda. Da zan fita ya tsayar da ni, idonsa na kan hoton.

"Injiniya, in kun yi waya, ki tambayar min ita yaushe za ta gaji."