Hedimasta Ya Koma Aji

Shekarar da jami'a ta buɗe reshe a garinsu, Hedimasta yana da hamsin da ɗaya a duniya, ashirin da shida daga ciki a bakin allo ya yi su. Tsohon ofishin masaƙa aka yi wa fenti, aka raba shi aji shida, aka zuba kujeru masu hannun rubutu. Malamai daga babbar jami'ar suke zuwa, tafiyar awa bakwai a mota, su kwana biyu su koma.

Shi dai 'yarsa Auta ya raka rajista. Yana tsaye riƙe da takardunta sai magatakarda ya dube shi ya ce, "Malam, kai fa? Akwai karatun ma'aikata, Alhamis da Juma'a da yamma."

Dariya ya yi, amma ya karɓi fom ɗin. Malamai uku da ke ƙarƙashinsa duk suna da digiri, shi kuwa takardar koyarwa kawai gare shi. Tun yana saurayi ya so ya ci gaba, nisa da iyali suka hana.

Da ya gaya wa matarsa, sai ta ce, "To yanzu wa zan riƙa kora ya je ya yi karatu, kai ko ita?"

Auta ba ta yi dariya ba, don ta riga ta ga jadawali. Malamar ƙididdiga ranar Alhamis kaɗai take zuwa, saboda haka aka haɗe 'yan shekarar farko duka a aji ɗaya.

"Baba, alfarma biyu nake roƙo," in ji ta. "Kar ka ce mini Auta a makaranta. Kuma kar ka gyara wa malamai rubutu a allo."

Ya cika mata duka biyun, ko da yake na biyun ya ba shi wuya. A layin baya yake zama, tsakanin wani direban asibiti da wata mai shagon magani. Yaran ajin suna ce masa Baba, suna aron bironsa ba sa dawowa da shi.

Gwajin farko ya ci sha ɗaya cikin talatin. Ya daɗe yana kallon takardar. Shi da ya saba rubuta wa 'ya'yan mutane "ƙara ƙoƙari" da jan biro, yau ga shi an rubuta masa. Sati guda bai taɓa littafin ƙididdiga ba, har ya fara tsara yadda zai janye a hankali, ya ce aiki ne ya yi masa yawa.

Ranar Alhamis ya tsaya bayan an tashi daga darasi ya sami malamar, wadda a haife ya haife ta, tana tattara kayanta.

"Malama, ina ganin abin nan ya wuce da saninmu."

"Bai wuce ba, Baba. A can babbar jami'a akwai masu yi wa ɗalibai bita, nan ba a kawo su ba tukuna. Ka nemi yarinyar da ke zama gaba ta wajen taga, ita ta ci ashirin da bakwai. Tana da haƙuri."

"Na san ta," ya ce.

Sai da ya kwana biyu kafin ya iya yi wa Auta maganar. Ranar Asabar da safe suka tafi firamarensa, ya buɗe aji shida, ya matse kansa a bencin yara, ita kuma ta ɗauki alli. Haƙurin da malamar ta faɗa bai gan shi ba. In ya tsallake mataki sai ta goge duka ta ce a sake.

"Ke, haka ake koyarwa?"

"Haka ka koya mana lissafin rabawa, Baba. Sake."

Ya sake. Asabar tara suka yi a haka. A jarrabawar ƙarshen zango ya ci hamsin da biyu cikin ɗari, direban asibiti ya ci hamsin, suka yi wa juna barka a bakin allon sanarwa.

Bayan shekara biyu Auta ta zo masa da takarda. Fannin da take karantawa iyakarsa aji biyu a reshe, ragowar sai a babbar jami'a, inda ɗakin gwaje-gwaje yake. Ya karanta takardar sau biyu, ya tambaye ta ɗakin kwana da wa za ta zauna, sannan ya sa hannu.

Shi ya kai ta tasha, ya sa aka ɗaure akwatinta da kyau, ya karɓi lambar direban. Da motar ta tashi ya biya ta gida ya ɗauki jakarsa. Matarsa tana zaune a ɗakin Auta tana ninke kayan da aka bari, idonta ya yi ja. Ya ɗan zauna kusa da ita, sannan ya ce mata yana da darasi ƙarfe huɗu, amma zai dawo da wuri.